Matambayi Ba Ya Ɓata: Sojan Nan Da Ke Tsaye A Bayan Shugaba

Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki. Tun da aka nuna faretin ranar 'yancin kai a talabijin ake ta rubuto mini tambaya a kan mutum ɗaya, wanda ke tsaye a bayan shugaban ƙasa. Na zaɓi shida. Masu tambayar rabon gado da na maganin basir su yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Duk lokacin da shugaban ƙasa zai yi jawabi sai in ga wani soja a bayansa ya tsaya ƙyam, da igiya ruwan zinare a kafaɗa, ba ya magana, ba ya murmushi. Ni da maigidana mun yi ta gardama. Shi ya ce mai gadi ne, ni na ce ado ne kawai irin na masu mulki. Ka raba mana gardama. (Wata uwargida, daga Funtuwa)

Amsa: 'Yata, ki gaida maigidan, ki ce masa ya fi ki kusa da gaskiya da taku ɗaya, amma shi ma bai kai ba. Masu gadin na ainihi su ne waɗanda ba ki lura da su ba, masu baƙar kwat da 'yar waya a kunne, idonsu na kan taro. Wannan mai igiyar shi ne dogarin shugaban ƙasa, wanda 'yan boko ke ce wa ADC. Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa mai taimako a sansanin yaƙi. Zamanin da babu waya, babu oba-oba, janar kan tsaya bisa tudu yana hangen fagen fama, idan yana da umarni sai ya ɗora wani matashin hafsa a kan doki ya kai. Abin da yaron nan ya faɗa, janar ne ya faɗa. Kin ga ke nan tun asali amana ake nema a wurinsa kafin ƙarfin damtse. Alexander Hamilton, mai hoton nan a jikin takardar dala goma, aikin da ya yi wa George Washington ke nan daga 1777 zuwa 1781, kuma yawancin aikin rubuta wasiƙu ne. Igiyar kuwa tambarin aikin ce. A Ingila da Amurka, wanda ke yi wa shugaban ƙasa aiki a kafaɗar dama yake rataya ta, na janar-janar kuma a hagu.

Na yi shekara shida ina ɗauko wa jaridarmu labari daga wani gidan gwamnati a nan Arewa. A matakin gwamna ɗan sanda ne ke riƙe muƙamin, amma aikin duk ɗaya ne, kuma a can na gane shi. Wata rana farkon damina ana buɗe wata makaranta, mai girma yana tsakiyar jawabi, hadari ya haɗo, iska ta kwashi takardu uku daga kan teburi ta yi rumfar mata da su. Mu 'yan jarida har mun fara gyara zama, mun samu labari. Kafin gwamna ya ɗago kai, dogarin ya zaro wani kwafin daga cikin rigarsa, ya buɗe daidai shafin, ya ajiye, ya ɗora yatsa a kan layin da aka tsaya, ya koma wurinsa. Gwamna ko numfashi bai sauya ba. Ashe duk tsayuwar nan da muke gani kamar gunki, bin jawabin yake layi-layi ta saman kafaɗar maigidansa.

Daga baya muka saba, har ya taɓa buɗe mini jakarsa. Tabarau na biyu, alƙalami biyu, hankici, carbi, maganin hawan jini, ɗan ƙullin goro, da wani ƙaramin kati mai sunayen sarakuna da hakiman da za a haɗu da su ranar. Katin nan ya fi komai burge ni. Ana cikin gaisawa sai ka ga ya ɗan sunkuyo kamar zai gyara wa maigida babbar riga, ya raɗa masa, “Ranka ya daɗe, hakimin wuri kaza ne, mahaifiyarsa ta rasu makon jiya.” Gwamna ya kama hannun hakimi da hannu biyu ya ce, “Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya.” Hakimi ya koma gida yana ba da labarin yadda gwamna ke riƙe da shi a rai. Shi ne ke tashi kafin maigida, ya kwanta bayansa. Shi ke jan kujera, ya karɓi kyauta, ya riƙe waya, ya san ƙofar da za a fita in taro ya rikice. Kuma akwai alama tsakaninsu, wataƙila taɓa agogo ko gyara hula, wadda in maigida ya yi ta, dogari zai matso ya ce lokacin wani zaman ya yi, a rabu da mai dogon surutu ba tare da an ci masa fuska ba.

Inda ƙarfinsa yake shi ne nan. A takarda ba shi da ikon sa hannu a kan ko sisin kwabo. Amma duk takardar koke da tsohuwa ta kutsa cikin taro ta miƙa, hannunsa take faɗawa, kuma shi zai zaɓa ko ta kwana a saman fayil ko a ƙasansa. Ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa rubuta labarin wata rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da guɗa alhali babu ko ɗigon ruwa a cikinta. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Sai dai mako uku cur duk lokacin da na nemi ganin gwamna, mutumin nan mai fara'a zai ce mini, “Oga yana ganawa, Malam, ɗan jira kaɗan.” Na jira har na haddace yawan fankokin ɗakin baƙi.

Mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. A fadar Kano ta dā, hakimi da rawaninsa da dawakinsa ba ya faɗa wa sarki kai tsaye, sai ta ƙofarsa, kuma manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama suna cikin masu riƙe waɗannan ƙofofi. Abin sha'awa, sunan da ake kiran hafsan da ke raka sarkin Ingila ma daga kalmar bargar dawaki ya samo asali, kamar dai Shamaki namu. Wanda aka amince wa ya riƙe linzami, a hankali shi ake amince wa ya riƙe sirri.

Ki lura da abu ɗaya. Bakin Bahaushe yakan tara kowa ya kira shi dogari, alhali a fadar shugaban Najeriya ayyukan a rabe suke: akwai wannan hafsan soja, akwai babban jami'in tsaro, akwai shugaban ma'aikatan fada, akwai sakatare na musamman, akwai mai tsara karɓar baƙi, akwai likita. Manjo Hamza Al-Mustapha da kowa ke kira dogarin Abacha, muƙaminsa na ainihi babban jami'in tsaro ne.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Mu a nan mun ga abin da ya faru ranar 26 ga Yulin 2023, masu tsaron Bazoum ne suka rufe shi a gida. An ce da ɗan gari akan ci gari. Ashe ba waɗannan dogarawan ne ke cin amanar shugabanni kullum ba? Me ya sa ba a daina ɗaukarsu? (Wani ɗan kasuwa, daga Maraɗi)

Amsa: Alhaji, ina amsawa, ya kasuwa? Karin maganar taka gaskiya ce, amma ka haɗa mutum biyu a riga ɗaya. Janar Abdurrahman Tiani da ya kifar da Shugaba Bazoum, shi ne kwamandan rundunar tsaron fadar Nijar daga 2011 zuwa 2023, mai dakaru da motocin yaƙi a ƙarƙashinsa. Haka Manjo Dauda Malam Wanke, wanda rundunarsa ta harbe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Haka mu ma a Najeriya, Kanar Joe Garba da ya sanar da kifar da Gowon ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon yana Kampala wurin taron ƙungiyar haɗin kan Afirka, shi ne kwamandan rundunar da ke gadinsa. Waɗannan masu bataliya ne. Dogarin da muke magana a kansa ba shi da kowa sai ƙaramar bindiga a ƙugu da jakar takardu.

Ban ce ba a taɓa samun wanda ya juya ba. A Gini, ranar 3 ga Disambar 2009, Laftanar Abubakar Diakite da ake kira Toumba ya harbi maigidansa, shugaban mulkin sojan ƙasar Kyaftin Musa Dadis Kamara, a ka, a wani barikin soja a Konakiri. Dadis bai mutu ba, aka kwashe shi zuwa Maroko, mulkin kuma ya tafi ke nan. Toumba da bakinsa ya faɗa wa gidan rediyon Faransa dalilinsa: ana shirin ɗora masa shi kaɗai alhakin kisan filin wasa na 28 ga Satumbar wannan shekarar, inda aka kashe mutum fiye da 150. Ya ɓuya shekara bakwai kafin a kama shi a Dakar a 2016. A Yulin 2024 kotu ɗaya ta yanke wa su biyun hukunci, Dadis shekara 20, Toumba shekara 10. Ka ga wannan ba labarin yaron kirki da mugun uban gida ba ne. Mutane biyu ne da suka san asirin juna fiye da kima, kowa yana tsoron ɗayan ya riga shi.

Akwai kuma na Kongo, mai ɗaure kai. Ranar 16 ga Janairun 2001 wani mai gadi ya harbe Shugaba Laurent Kabila a ofishinsa. Dogarinsa, Kanar Eddy Kapend, ya harbe maharbin, ya fito a talabijin yana kwantar wa jama'a da hankali. Ba a daɗe ba aka kama shi da zargin da shi aka ƙulla, aka yanke masa hukuncin kisa, ya yi shekara 20 a kurkuku yana cewa bai aikata ba, sai a Janairun 2021 aka sake shi bayan Shugaba Tshisekedi ya yi masa afuwa. Wanda ya fi kowa kusa, shi ake fara tuhuma.

Amma Alhaji, kafin ka yanke musu hukunci gaba ɗaya, in Allah ya kai ka Legas ka shiga gidan tarihi na Onikan. Akwai baƙar Marsandi a ajiye, jikinta duk hudar harsashi. Na tsaya a gabanta na daɗe. Motar Janar Murtala Ramat Muhammed ce, wadda aka tare a cunkoson motoci a Ikoyi safiyar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana hanyar ofis ba tare da jerin gwanon masu rakiya ba. Kowane ɗan makaranta ya san sunan Murtala, ya san na Dimka da ya jagoranci harin. Mutum nawa ne suka san Laftanar Akintunde Akinsehinwa? Dogarinsa ne, matashi Bayerabe, tare suka mutu a wurin. Bayan shekara goma sha huɗu, ranar 22 ga Afrilun 1990, da su Manjo Gideon Orkar suka buɗe wa barikin Dodan, fadar gwamnati a Legas a lokacin, wuta, Babangida ya tsira, dogarinsa Laftanar Kanar U.K. Bello bai tsira ba. Kuma mu Kanawa ba mu manta ranar 19 ga Janairun 2013 ba, da 'yan bindiga suka far wa motar marigayi Sarki Ado Bayero yana dawowa daga saukar karatu a Masallacin Murtala. Direbansa da dogarawansa ne suka rasa rayukansu, sarki ya fita da ransa. Waɗannan masu ja da koren riga da yara ke tsokana a hawan sallah.

Batun a daina ɗaukarsu kuwa, ba mai yiwuwa ba ne. Shugaba mutum ne, yana barci, yana shiga wanka, yana manta suna. Dole wani ya tsaya a bakin ƙofa. A ganina, inda shugabanni ke kuskure shi ne barin mutum ɗaya ya daɗe har ya zama shi kaɗai ne ƙofa, shi ne taga. Shi ya sa ƙasashen da suka daɗe da tsarin suke sauya nasu bayan 'yan shekaru su mayar da shi bariki.

Tambaya: Baba, na gama sakandare bana. Ina son wannan aikin. Ta ina ake shiga, kuma akwai maiƙo? (Wani matashi, daga Azare)

Amsa: Ɗana, na ji daɗin da ba ka ɓoye tambaya ta biyun ba. Ba aikin da ake cike fom a nema ba ne. Sai ka fara zama hafsa, ƙofar da aka fi sani kuwa ita ce makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna. Ka yi shekaru kana hawa, domin dogarin shugaban Najeriya a wannan zamani galibi Laftanar Kanar ne ko Kanar. Sannan a zaɓe ka, kuma a nan ne tsabtar fayil ɗinka da iya bakinka da rabo suke haɗuwa. In na gwamna kake so, aikin ɗan sanda za ka nufa.

Maiƙo? Wasu dai sun yi nisa. Sani Bello yana Laftanar yake dogarin Janar Ironsi, yana tare da shi a Ibadan ranar 29 ga Yulin 1966 da aka kama Ironsi, shi Bello Allah ya yi da sauran kwanansa, har ya zo ya yi gwamnan soja na Kano daga 1975 zuwa 1978. Manjo Mustapha Jokolo, dogarin Buhari zamanin mulkin soja, ya zama Sarkin Gwandu a 1995, aka tuɓe shi a 2005. Sambo Dasuki ya yi wa Babangida, ya zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro daga 2012 zuwa 2015, daga nan ya yi shekara huɗu a tsare. A Ingila ma wani hafsan sojan ruwa, Timothy Laurence, ya yi wa Sarauniya Elizabeth aikin daga 1986 zuwa 1989, ya ƙare da auren 'yarta Gimbiya Anne a 1992. Wannan dai kada ka sa rai.

Abin da ba a nuna maka a talabijin: sallah ba ka yin ta da iyalinka, matarka za ta haihu kana wata ƙasa riƙe da jakar wani. 'Yan'uwa za su cika ƙofar gidanka da takardun neman aiki, kowa na ganin kai ne gwamnati. Abokan karatunka da ke daji suna fama da 'yan bindiga za su riƙa kallonka a matsayin ɗan lelen fada. Ranar da maigida ya sauka kuwa, wayar da ba ta hutawa za ta yi shiru kamar an ɗauke wuta. Mutumin nan da ya sa ni ƙirga fankoki, na haɗu da shi bayan shekaru a layin banki, shi ya fara gaishe ni.

Tambaya: Baba, na ga wani bidiyo a Facebook, wai sojan da ke bin shugaban Amurka da baƙar jaka, maɓallin nukiliya ne a ciki, in ya danna duniya ta tashi. Gaskiya ne? (Wani ɗalibi, daga Zangon Kumasi)

Amsa: Jakar gaskiya ce, maɓallin ƙarya ne. Nauyinta ya kai kusan kilo 20, kuma abin da ke ciki takardun zaɓin hare-hare ne da kayan sadarwa da ke haɗa shugaban da hedikwatar tsaro ta Pentagon. Hafsoshi ne daga rassan soja daban-daban ke karɓa-karɓar ɗaukarta, kuma mai ɗaukar ba shi da ikon ba da umarnin komai. Shi shugaban yana riƙe da wani ɗan kati mai lambobin sirri da zai tabbatar da cewa shi ne ke magana. Ranar 30 ga Maris 1981 da aka harbi Ronald Reagan a Washington, aka ruga da shi asibiti aka bar mai jakar a baya, katin kuma ya bi kayan jikinsa da likitoci suka yanke, ya ƙare a hannun jami'an FBI.

Banda waɗannan, shugaban Amurka yana da wani hadimin farar hula da ke manne da shi. Na Obama a shekarunsa na farko shi ne Reggie Love, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando na jami'ar Duke, ya bar aikin a ƙarshen 2011. Kayan aikinsa alƙalami ne da cingam da buroshin haƙori da sanin lokacin da maigida ke jin yunwa. Tsakaninsa da mai jakar nukiliya taku biyu ne a cikin jirgi ɗaya.

Tambaya: Baba, mace tana iya yin aikin nan? (Wata malamar makaranta, daga Zariya)

Amsa: Ta yi ma, Malama. Vivien Crea ta rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗauki wa Reagan jakar nan tun a shekarun 1980. A Indiya kuma a 2025 aka naɗa Laftanar Kwamanda Yashasvi Solanki ta sojan ruwa cikin dogarawan Shugaba Droupadi Murmu. Aikin da jarinsa lura da riƙe sirri da tuna sunan kowa, ban ga abin da zai gagari mace a ciki ba.

Tambaya: Kaka, ni shekarata tara, babana ne ya rubuta mini. Idan ƙuda ya sauka a hancin sojan nan, ko fitsari ya matse shi, yaya yake yi? (Wani jika, daga Birnin Kebbi)

Amsa: Jikana, kai ne ka yi tambayar da manya ke jin kunyar yi. Ni ma na taɓa yi wa wancan mutumin nawa ita, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ranar babban taro yakan karya kumallo sosai don kada jiri ya ɗebe shi, amma shayi rabin kofi kawai yake sha, kuma kafin a fito sai ya zaga ko bai ji komai ba. In tsayuwa ta yi tsawo ba ya ƙame gwiwa, yana ta motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, ba mai gani. Ƙuda kuwa, ya ce yakan turo leɓen ƙasa ya hura iska sama a hankali. Na ce in ya ƙi tashi fa? Ya ce, “To Malam, sai mu saurari jawabin tare.”